Rabon Hatsin da Ya Raba Ni da Yaya Sani

Na san abin da ake faɗa muku a gidan Kawunku Sani. Hadiza ta taɓa dawowa daga wani suna da aka yi can idonta jajawur, na tambaye ta ta ce ba komai, sai daga baya ta gaya wa Aminu cewa wata a cikin matan gidan ta nuna ta da baki ta ce, ga 'yar wadda ta hana 'yan gudun hijira abinci. Na ji, na haɗiye, don lokacin Kawunku yana da rai, Babanku kuma ya roƙe ni kada in sake tayar da maganar. Yanzu dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwa ta ƙi, ido ya fara dushewa, ba na so in bi su in bar ku da rabin labari. Ku karanta da kyau. Inda na yi kuskure zan faɗa da bakina, amma ƙaryar da aka ɗora mini ba zan shiga kabari da ita a ka ba.

A shekarar da garuruwan gabas suka watse, ina aiki a ɗakin haihuwa na asibitin cikin gari, saura mini 'yan shekaru in yi ritaya. Ku biyu kuna makaranta a Kano, ba ku ga abin da muka gani ba. Motoci suna ƙetaro gada dare da rana, manyan motocin shanu da na hatsi, amma mutane ne maƙil a ciki, ƙafa ba takalmi, wasu da tukunya ɗaya, wasu ko ita babu. Da yawa Kano suka nufa. Waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ko direba ya ce nan ya tsaya, sai a sauke su a tashar Wudil su zauna a gindin bango suna kallon mutane. Wata Juma'a, kasuwa tana ci, aka shigo mini da wata yarinya mai suna Yagana, naƙuda ta kama ta tun a cikin mota. Wata dattijuwa doguwa, baƙa, mai tsage a kumatu, tana riƙe da ita, da yara biyu suna bin zaninta. Wannan ita ce Ya Falmata, uwar mijin Yagana. Kafin la'asar yarinyar ta sauka lafiya, namiji. Na gyara ta, na ɗauko takardar sallama, na tambayi dattijuwar ina za su koma.

"Hajiya," in ji ta, da Hausarta mai nauyin harshen Barebari, "inda muka fito wuta ta ci. Inda za mu kuma ban san sunansa ba."

Na aika aka kira Babanku daga ofishin gona. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara, bai yi dogon tunani ba.

"Ɗakin soro ba kowa a ciki sai buhunan taki," ya ce. "A fitar da su, a share."

Haka suka shigo gidanmu. Kuma kada ku zaci mu kaɗai muka yi. A Wudil ba a kafa sansani ba, gidajen mutane ne sansanin. A nan Sabon Gari, a Indabo, a Kausani, manomi mai rumbu ɗaya ya buɗe ƙofa ya ajiye mutum shida, matarsa ta ƙara ruwa a miya ba ta ce uffan ba. Wata da watanni ana haka, ba wanda ya ɗauki hoton kowa, ba wanda ya hau lasifika. Ina faɗa muku wannan ne don kada fushina ya sa ku ɗauka garinku garin mugunta ne. Talakan garin nan ya yi iyakar yinsa. Waɗanda suka ƙoshi su ne suka ba mu kunya.

Ya Falmata ba mabaraciya ba ce. A garinsu na bakin tafki babbar dillaliyar bandar kifi ce, direbobi da 'yan dako a gidanta suke cin abinci. Ɗanta Modu, mijin Yagana, ya tura su gaba ya koma ɗauko kakarsa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A gidanmu ba ta taɓa zama hannu sake ba. Kafin in tashi ta share tsakar gida, ta surfa gero, ta wanke tukwane har sai da na fara jin kunya. Idan aka miƙa mata tuwo takan karɓa da hannu biyu ta kawar da kai, sai ta tabbata jikokinta sun ƙoshi sannan ta taɓa. Na lura ramewa take yi, ba don abinci ya gaza ba, karɓar ce take cin ta.

Da bazara ta yi, rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, masu masauki suka fara gajiya. A asibiti na fara ganin yaran baƙi da sikeli ke nuna sun koma baya, gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar agaji za ta kawo kaya Wudil, an ce a kafa kwamiti a tantance mutane. Aka naɗa Yaya Sani shugaba, tunda shi babban ɗan kasuwar hatsi ne, yana da baki a siyasa, manya suna jin maganarsa. Wallahi na yi murna. Ku ba ku san abin da Yaya Sani yake a wurina ba. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, shi ya riƙe ni. Lokacin da dangi suka ce karatun mace ya isa haka, shi ya goya ni a kekensa ya kai ni tasha na tafi jarrabawar makarantar ungozoma, ya zauna a rana yana jira na har na fito. Da ya ce mini in shiga kwamitin a madadin mata, ji na yi Allah ya haɗa mu a aikin lada.

Sati biyu na yi ina yawo bayan na tashi daga aiki, wani wurin a ƙafa, wani wurin a acaɓa. Na shiga ɗakunan soro, da kangon gini, da bukkokin gona. Na rubuta sunan kowace mace da yaranta da gidan da take. A Indabo na iske wata Kellu da tagwaye a ɗakin da aka kwashe awaki, ta riƙe mini hannu ta ce in rantse ba zan manta da ita ba, na ce ba sai na rantse ba, ga sunanki na rubuta. Kowa na ce masa za a kawo kati har gida, ranar rabo a zo da shi. Da bakina na faɗa, suka yarda, don sun san ni da farin kayan asibiti. Na kai wa Yaya takardun a hannunsa, ya sa mini albarka.

Ana gobe rabo, kati bai zo gidanmu ba. Na leƙa gidaje uku a layinmu, nan ma shiru. Da la'asar na same shi a ƙofar sitonsa, na durƙusa na gaishe shi, na tambaya.

"An rage mana yawan katin, Sa'a," ya ce, bai kalle ni ba. "Ba yadda za a yi kowa ya samu. Baƙinki kuma ai suna cin tuwon gidanki, me suka rasa? Ke dai gobe ki tsaya a ƙofar layin mata. Mai kati ta wuce, marar kati ta yi haƙuri. Aikinki ke nan."

Raina bai kwanta ba, amma na ce wa kaina wataƙila an fifita waɗanda suka fi shiga wahala. Na dawo na gaya wa Ya Falmata. Ta ce dama ita ba ta da niyyar zuwa. Ni na matsa mata, na ce su zo ita da Yagana, idan baƙin suka ga mai jego ba za su bar ta haka ba. Har yau ina jin nauyin wannan matsawar.

A filin makarantar firamare aka yi. Babbar mota ta tsaya cike da buhunan shinkafa da masara, jarkokin mai, tabarmi, barguna da gidan sauro. An kafa rumfa an jera kujeru, manya sun zauna da babbar riga, mai lasifika yana ta jero sunayensu. An zagaye fili da igiya, 'yan banga riƙe da sanduna. A wajen igiyar, ƙarƙashin darbejiya da cikin rana tsirara, ga mutanen da na rubuta, tun asuba suke nan, hannunsu ba komai. Suna ganina suka taso.

"Hajiya, ga mu. Hajiya, katin bai zo ba."

Na kasa haɗa ido da su. Na wuce na tsaya a ƙofa. Layin mata ya miƙe har bakin rijiya, kusan duka cikin lafaya irin ta matan Barno, fuska a rufe rabi. A can gaba an jera 'yan gudun hijira na gaske su kaɗan, an zaɓo waɗanda yaransu suka fi ramewa, don su ne za su fito a hoto. Bayan sun wuce, sai wata ta miƙo mini kati, lafayarta tana zamewa tana ta jan ta, don ba ta iya naɗin ba. Na kalli hannun. Na kalli idon. Talatu ce ta Kausani. 'Ya'yanta uku ni na yanke musu cibi.

"Talatu," na ce a hankali, "yaushe kika zama mutuniyar Barno?"

"Don girman Allah, Hajiya, ki rufa mini asiri," ta ce. "Cewa aka yi in karɓa in kai bayan ajin can, a auna mini kwano biyu. Tun shekaranjiya ba mu ɗora tukunya ba."

Na ɗaga kai na bi layin da kallo. Ungozomar da ta yi shekaru a gari ba a ɓoye mata mace da mayafi. Ga matar direban Yaya. Ga matan 'yan dakonsa. Ga 'yan aikin gidajen waɗanda ke zaune a rumfa. Ga talakawan ƙauye irin su Talatu, da aka ɗebo a mota aka ba su aron lafaya. Na ce wa wata 'yar kwamiti ta riƙe mini ƙofa, na zagaya bayan aji. A-kori-kurar Yaya ce a tsaye, da wasu guda biyu da na san masu su, ana loda buhunan da aka karɓa minti biyar da suka wuce, wani yana zaune da kwano yana auna wa mata a bakin zani. Na aika aka kira mini shi daga rumfa. Ya zo yana gyara hula, ya ga inda nake tsaye, ya gane.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ki rage murya," ya ce. "Kina zaton ni kaɗai ne? Duk wanda kika gani a rumfar can da kasonsa, har da waɗanda ba su zo ba. In na ƙi, wani za a sa, ya yi wanda ya fi haka. Kuma matan nan da kike gani, su ba yunwa suke ji ba? Waɗancan baƙi ne, gobe za su tafi. Mu muna nan tare."

"In don yunwar matan garinmu ce, me ya sa ake ƙwace buhun a ba su kwano biyu?"

Ya matso.

"Sa'a, ni na riƙe ki. Ban taɓa neman komai a wurinki ba. Yau ina nema. Ki koma ƙofa."

Kuma na koma. Wannan shi ne abin da ba wanda ya taɓa gaya muku, don masu zagina ba su san shi ba, masu yabona kuma ba sa so su sani. Na koma na tsaya, na karɓi kati a hannun matan da na san sunan iyayensu, na ce su wuce. Sun kai goma. Ina gaya wa kaina cewa bayan taro zan same shi a gida mu yi magana, zan sa ya fito da wani abu a asirce. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma na san ƙarya ce.

Ana cikin haka Ya Falmata ta iso da Yagana, jariri a goye. Suka tsaya a bakin igiya. Wani mai ɗaukar hoto da kwamiti ya ɗauko ya hango su, ya ga yadda Yagana ta rame, ya ce a shigo da su. Zuciyata ta yi sanyi, na ce Allah ya duba su. Aka tsayar da su a gaban mota, aka jingina buhun shinkafa a ƙafarsu, aka ɗora bargo a kai. Ya ce Yagana ta kwance goyon ta juyo da fuskar yaron. Wani babba ya taso daga rumfa ya dafa buhun yana murmushi. Aka ɗauka, aka sake ɗauka. Da aka gama, Ya Falmata ta sunkuya za ta kama bakin buhun, sai ɗan banga ya sa sanda ya tare hannunta.

"Iya, ina katinki?"

Ba ta da shi. A gaban idona ya ja buhun ya mayar cikin tsibi, ya ɗauke bargon, ya nuna musu hanyar fita. Matar da ta ciyar da tasha guda ta miƙe tsaye a hankali, ta taimaki Yagana ta mayar da goyo. Da za ta wuce ta gabana ta tsaya, ba ta ɗaga murya ba.

"Hajiya, sun samu abin da suke so a wurinmu. Mu je gida, yaro ya sha rana."

Ban san lokacin da na watsar da katunan da ke hannuna ba. A teburin da ke kusa da mota akwai wata matashiya mai tabarau, ita ce ta jagoranci ma'aikatan ƙungiyar, tana duba kati tana sa alama. Ban je kunnenta ba. Na tsaya a tsakiyar fili na ce, da muryar da nake kiran nas daga ƙarshen baranda, cewa matan da ke layin nan ba 'yan gudun hijira ba ne, 'yan gudun hijira ga su can a wajen igiya, kayan kuma ga su can bayan aji ana lodawa. Mai lasifika ya yi ƙoƙarin rufe ni da kirari. Wani a rumfa ya ce a fitar da matar nan, ba ta da lafiya. Jin haka sai na fara kiran suna. Na ce ke wance matar wane, a ɗakina kika haihu bara. Ke wance, gidanku yana bayan masallacin Juma'a. Ke Talatu, 'yar Kausani ce ke, uwarki ma na san ta. Layi ya fara watsewa, mata suna rufe fuska suna gudu. Matashiyar ta tashi, ta tare wata ta tambaye ta sunan ƙauyensu da sunan hakiminsu, matar ta yi tsuru-tsuru. Ta zagaya bayan aji da kanta. Da ta dawo fuskarta ta canza, ta koma gefe ta yi waya mai tsawo, sannan ta ce a rufe mota.

Ni a zatona za a kori na ƙarya a shigo da na gaske. Ba haka aka yi ba. Ta ce dokarsu ita ce in aka samu irin wannan a dakatar da komai sai an yi bincike. Aka ja tamfol, aka ɗaure, mota ta tayar. Mutanen da suka yini a rana suka ga abinci yana fita daga fili, suka bi shi da gudu, mata da goyo suna faɗuwa, har bakin titi. Sannan suka juyo kaina. Matan gari suna zagina na tona musu asiri na hana su kwano biyunsu. Baƙi suna kuka. Wani tsoho mai sanda, wanda ni na rubuta sunan iyalinsa a Kausani, ya tsaya a gabana.

"Baiwar Allah," ya ce, "da kin bari sun gama, da ko abin da ya zube a ƙasa mun tsinta."

Yaya Sani ya wuce ta gefena zuwa motarsa kamar bai taɓa ganina ba.

A gida Babanku ya saurare ni har na gama, ya daɗe yana murza hula a gwiwa.

"Gaskiya kika faɗa," ya ce. "Amma da kin faɗa wa yarinyar a kunne."

"Malam, da na faɗa a kunne, da an kai ni rumfa an ba ni lemo an ce za a duba. Ka san su."

"Na san su," ya ce. "Shi ya sa nake jin tsoron abin da zai biyo baya."

Ya Falmata kwana biyu ba ta tanka mini a kan maganar ba. Rana ta uku ina shirin fita aiki ta tare ni a soro.

"Hajiya, ban ce na gode ba, ban kuma ce kin yi laifi ba. Amma ni na gama tsayawa a layi. Ki nemo mini rabin durom da ragar waya, ki kai ni wurin masunta a ƙarƙashin gada."

Na kai ta. Masunta suka yi mata kallon tsohuwar da ta ɓata hanya, har ta ɗauki tarwaɗa ta lanƙwasa ta ta soke a tsinke kafin su ƙifta ido. Cikin wata guda bandarta ta yi suna a tasha, direbobin gabas suna tambayar ta da suna. Ta ɗauki wasu matan baƙi suna taya ta. Ita ta tsira da sana'arta. Amma ba kowa ne yake da sana'a a hannu ba, kuma kada wani ya ce muku wannan ya wanke abin da aka yi.

Ƙungiyar ba ta dawo ba sai da damina ta yi nisa. Da suka dawo ba su bi ta kan kwamiti ba, ma'aikatansu suka bi gida-gida suna ɗaukar zanen yatsa, kaya ya shiga hannun masu shi. Sai dai kafin nan da yawa sun tafi. Wasu sun shiga Kano, wasu sun bazu ƙauyuka ƙwadago, wasu yunwa ta mayar da su gabas tun wutar ba ta mutu ba. A cikin waɗannan watanni ɗaya daga tagwayen Kellu ta rasu da tamowa, a hannuna, an kawo ta a makare. Kuma wannan mutuwar ita aka ɗauka aka rataya mini. A wurin biki, a wurin makoki, ana cewa da Sa'adatu ba ta kori mota ba da yarinyar tana raye. Ku ji ni da kyau: Kellu ba ta da kati. Katinta yana hannun wata mai aron lafaya. Ko na ɗinke bakina a ranar, ƙwayar shinkafa ɗaya ba za ta isa ɗakinta ba. Waɗanda suka sace abincin yarinyar su ne suka fi kowa ɗaga murya a kan mutuwarta.

Ba wanda aka kama. Ba wanda ya mayar da buhu ɗaya daga abin da aka riga aka loda. An sauke Yaya daga kwamiti a asirce, shekara ta zagayo aka ba shi wata kujerar da ta fi ta. Ni kuwa takarda ta zo, aka mayar da ni wani ƙaramin asibitin ƙauye can gaba da Indabo, inda ba wuta ba ruwa, nan na ƙarasa aikina ina hawa acaɓa da ciwon gwiwa. Ban yi nadamar wannan ba. Abu ɗaya na yi nadama, kiran sunan Talatu. Ita ba ɓarauniya ba ce, yunwa aka yi amfani da ita, ni kuma na jefa ta gaban jama'a alhali masu babbar riga ban kira sunan ko ɗaya ba. Yara suka riƙa bin ta suna kiran ta 'yar Barno. Na je Kausani har ɗakinta na roƙe ta gafara. Ta bar ni a tsaye na ɗan lokaci kafin ta shimfiɗa mini tabarma, kuma tana da gaskiya.

Shekara shida Yaya Sani bai amsa gaisuwata ba. Kowace Sallah ina zuwa, in durƙusa, ya juya yana magana da wani. A cikin shekarun nan Ya Falmata ta ji labarin an ga Modu a wani sansani a Maiduguri, ta kwashe Yagana da yara suka tafi. Mun yi ta waya kusan shekara, ta ce ba shi ba ne amma za ta ci gaba da nema. Daga baya layin ya daina shiga.

Ciwon suga ne ya kwantar da Yaya, ƙafarsa ta yi gyambon da ya ƙi warkewa, matansa suka kasa wankewa saboda wari. Ba wanda ya kira ni. Na ɗauki jakata na je, na zauna a ƙasa na ɗora ƙafar a cinyata. Bai hana ni ba, bai kuma yi magana ba. Kullum bayan azahar nake zuwa, har sati uku muna haka kamar kurame. Wata rana ina naɗa bandeji sai na ji ya ce,

"Sa'a."

"Na'am, Yaya."

"Kin yafe mini?"

"Abin da ka yi mini na yafe tun tuni. Kai ka yi mini riga da zani a duniya. Amma na mutanen can ba a hannuna yake ba."

Ya daɗe yana kallon silin, hawaye yana gangara cikin kunnensa.

"Tsohuwar nan ta gidanki. Ki kira mini ita. Sito yana nan, a buɗe a ba su duk abin da ke ciki. Ki nemo mini su."

Na ajiye almakashi, na ciro waya, na nemo lambar Ya Falmata na danna a gabansa, na sa a kunnensa don ya ji da kansa. Muryar kamfani ta ce layin a kashe yake. Ya ce in sake. Na sake har sau uku. Ya tambayi Kellu, na ce ta bar Indabo tun shekarar, ba wanda ya san inda ta nufa. Ya tambayi takardun da na kai masa, ko suna nan a duba sunaye. Na ce a hannunsa na bar su. Ya rufe ido, ya juya fuskarsa bango, ni kuma na ƙarasa ɗaurin ƙafar.

Na nema. Na je tasha, na bi masunta, na aika saƙo ta bakin direbobin gabas. Ya yi kwana tara bayan nan, kuma kullum na shigo abin da yake fara tambaya ke nan, tun kafin in ajiye jaka. Ranar da ya cika ban samo masa ko mutum ɗaya ba.